Zakunan Teku, Tanti da Kyamara: Tambayoyin Masu Shirin Zuwa Gaɓar Fasifik da Iyali

Sau uku muna kafa tanti a gaɓar Tekun Fasifik ta Amurka, ni da uwargida da yaranmu uku: sau biyu a jihar Oregon, sau ɗaya a Kalifoniya. Duk dawowa sai a sa mu gaba da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tattara. Wasu amsoshin gajeru ne don babu abin ja a cikinsu. Wasu kuwa na ɗan zauna a kansu, musamman batun tazara, domin a nan ni kaina na fara tafka kuskure.

Wai shi zakin teku, zaki ne ko kifi?

Ba ko ɗaya. Dabba ce mai shayarwa, da huhu take numfashi, a tudu take haihuwa, amma abincinta a ruwa yake. Jinsi shida suka rage a duniya: na Kalifoniya, na Steller, na Kudancin Amurka, na tsibiran Galafagos, na Ostareliya da na Niyu Zilan. Akwai na bakwai, na Japan, wanda ya ƙare ƙurmus a ƙarnin da ya wuce.

Biyu ne za ku haɗu da su a gaɓar yammacin Amurka. Na Kalifoniya shi ne mai haushi kamar kare. Namijinsa yakan kai kilo 300 ko fiye, macen kuwa ba ta cika wuce kilo 110 ba. Ana gane babban namiji da tudun da ke goshinsa, wanda ke fara ɓullowa yana da kamar shekara biyar. Na Steller ƙato ne na gaske, namiji yana iya kai tan guda, launinsa ya fi haske, kuma shi ba ya haushi, sai wani ruri mai kauri da za ka ji har a ƙirjinka. Sunan Georg Steller aka sa masa, wani Bajamushe masanin halittu da ya bi Vitus Bering a tafiyarsa ta 1741 ya rubuta bayanin dabbar. Duk wanda ya ga gezar da ke wuyan babban namijin Steller ba zai sake tambayar inda aka samo sunan zaki ba.

Yaya zan bambanta shi da sil, ɗaya dabbar tekun mai kama da shi? Duk kamarsu ɗaya a idona.

Dubi kunne, dubi tafiya. Zakin teku yana da ɗan kunne a waje, ƙarami kamar tsinken ganye. Sil ba shi da shi, rami ne kawai. Zakin teku yana juyo filafilansa na baya ya taka da su, ya ɗaga ƙirji, har dutse yana hawa. Sil kuwa jan ciki yake yi kamar tsutsa. Sai kuma baki: idan wuri ya kaure da hayaniya, zakunan teku ne, idan an baje a yashi shiru kamar buhunan da aka sauke, sil ne.

Na faɗi haka ne don mutane da yawa suna tsayawa a Piedras Blancas, kusa da San Simeon, su cika waya da hotuna, su dawo suna cewa sun ga zakunan teku. Kallon kitse suka yi wa rogo. Waɗancan sil ne masu hancin giwa. Su ma abin kallo ne, amma wata dabba ce daban.

A ina ake ganinsu ba tare da wahala ba?

Mafi sauƙi shi ne tashoshin jiragen ruwa. A San Faransisko akwai Pier 39, inda suka fara mamaye dandamalan katako jim kaɗan bayan girgizar ƙasar Oktoban 1989, har masu jirage suka haƙura suka bar musu wurin. A Nuwamban 2009 an ƙirga 1,701 a wurin. Haka ake ganinsu a bakin ruwan Newport da Astoria a Oregon, da Monterey, Moss Landing da ƙarƙashin gadar Santa Cruz a Kalifoniya. A irin waɗannan wurare kana tsaye a sama bayan shinge, suna ƙasa, kowa hankalinsa kwance. Ga mai ƙananan yara babu kamarsu.

Amma ni, in har tanti na kafa, na fi son in gan su a kan duwatsunsu. Wurare uku ne suka zauna min a rai. Na farko Simpson Reef, a yankin Cape Arago kusa da Coos Bay, inda daga tudu guda za ka hango jinsunan zakin teku biyu da na sil biyu a kan tsibirin Shell. Suna da nisa, sai da madubin hangen nesa, amma kukansu tun daga wurin ajiye mota yake tarbarka. Na biyu Sea Lion Caves, kimanin kilomita 18 arewa da garin Florence a kan babbar hanya mai lamba 101. Kogo ne da teku ya fafe, an buɗe shi ga masu ziyara tun 1932, ana biyan kuɗin shiga, kuma lif ke sauka da mutum fiye da mita 60 cikin dutse. Na uku Point Lobos, kudu da Monterey. Sunan ma daga gare su aka samo shi, don Sifaniyawa kyarketan teku suke ce musu.

Masu tambaya ko akwai su a gaɓar Afirka ko ta Turai: babu. Waɗanda ke cika Cape Cross a Namibiya 'yan uwansu ne na kusa, ana ce musu sil masu gashi, amma ba kamar sauran sil ba, su ma suna da ɗan kunne a waje.

Wane wata ya fi dacewa?

Nan ne iyalai da yawa ke shan mamaki. Lokacin hutun makaranta, Yuni da Yuli, shi ne daidai lokacin da zakunan Kalifoniya ke barin tashoshin arewa su tafi kudu wurin haihuwa da barbara, galibi a tsibiran Channel, irin su San Miguel da San Nicolas. Sai ka je Pier 39 ko Newport a farkon Yuli ka tarar da katako wayam, sai 'yan tsiraru. Daga ƙarshen Agusta mazan ke fara dawowa arewa, wasu har Kanada. Matan kuwa yawanci suna zama a kudu da 'ya'yansu. Saboda haka zakunan Kalifoniya da kake gani a Oregon kusan duk maza ne, kada ka ɓata lokaci neman jarirai a cikinsu.

A kogon kusa da Florence abin ya ɗan sha bamban. Zakunan Steller suna cika cikin kogon ne a kaka da hunturu, idan teku ya yi fushi. Da bazara sai su koma kan duwatsun waje, inda ake hango su daga sama. Mun taɓa sauka a lif a watan Yuli muka tarar da kogo ba kowa, sai wari da ƙarar ruwa.

In da zaɓi, Satumba nake ba da shawara. Sanyi bai kankama ba, hazo ya ragu, jama'a sun ragu, dabbobin sun dawo.

Ina za mu kafa tanti?

A sansanonin gandun jiha. Kusa da Simpson Reef akwai Sunset Bay, tafiyar 'yan mintuna a mota. Kusa da kogon akwai Carl G. Washburne daga arewa da Jessie M. Honeyman daga kudancin Florence. A Point Lobos ba a kwana ko kaɗan. Masu tanti sukan sauka a wajejen Big Sur, sai dai a duba ko hanya mai lamba 1 a buɗe take, don zaftarewar ƙasa takan rufe ta. Oregon da Kalifoniya duka suna buɗe rajistar wuri wata shida kafin ranar, kuma wuraren bakin teku ba sa jiran kowa.

Ku ɗauki kayan sanyi ko da tsakiyar bazara ne. Da dare iska mai laima ke busowa daga teku, safiya ta yi ka tarar da tanti jiƙe kamar an yi ruwa. Abinci kuma a kulle shi cikin mota ko akwati mai marfi. Rakun, wata dabba mai baƙin zane a ido da hannu kamar na mutum, ta iya buɗe jaka fiye da autanmu.

Da gaske suna wari, suna kuma hana barci?

Da gaske. Kifi suke ci, a inda suke kwana suke bayan gida. In iska ta juyo wajenka, sai ka yi ta maza. Haushi kuma ba dare ba rana. Daren farko za ka yi ta juyi, dare na biyu yara ma ba sa ji.

Kusa da su nawa ya halatta in je?

Hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku a Amurka, tazarar yadi 50 ta ce a bari, wato wajen mita 45, kusan rabin tsawon filin ƙwallo. Akwai kuma dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972, wadda ta haramta takura musu, taɓa su, ko ba su abinci, kuma ana cin tara a kai. Takurawa a wannan doka ba sai ka yi jifa ba. Duk abin da ka yi da zai iya sa dabbar ta bar hutunta, ko shayarwarta, ko ta canja abin da take yi, ya shiga ciki.

Tafiyarmu ta farko ban san wannan ba, ko in ce na sani ban ɗauke shi da nauyi ba. Wani matashin namiji ne kwance shi kaɗai a kan dutse, gashinsa ya bushe ya yi ruwan zuma. Na fara daga nesa, hoton bai gamsar da ni ba, na ƙara taku biyar. Na ƙara biyar. Uwargida tana daga baya tana cewa, “Baban yara, ya isa haka nan.” Na yi kamar ban ji ba. Sai dabbar ta ɗaga kai, ta miƙe a kan filafilan gaba, ta zuba min ido, ta buɗe baki. Ni kuwa murna nake, ga hoto ya samu. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai a wurin ta zo ta tsaya gefena, ba faɗa ba tsawa, ta nuna min cewa tunda ya ɗaga kai saboda ni, to na riga na tashe shi daga barcin da ya sha wahalar ruwa kafin ya samu. Kafin ta rufe baki ya sulale cikin teku. Da daddare a tanti na duba hotunan. Duk guda goma sha wani abu, dabba ce a tsorace tana kallon mai kyamara. Ba wanda na ajiye.

Ma'aunin da nake amfani da shi tun daga ranar ya fi awon mita sauƙi: idan ya waiwayo yana kallona, ko ya fara tsuma yana gyara zama, ko haushinsa ya canja, na wuce gona da iri, sai in ja baya. Hutun nan ba lalaci ba ne. Ruwan wannan gaɓa sanyi gare shi, suna fitowa ne su ɗumama jiki su maido ƙarfin da suka ƙona wajen farauta. A wurin da ake da jarirai kuwa abin ya fi haka muni, don idan garke ya firgita ya ruga ruwa gaba ɗaya, manya sukan tattake ƙanana.

Za ku ce to a Pier 39 ai ba a kai mita 45 ba. Haka ne. Can su suka zaɓi su zo kusa da mutane, kuma akwai shinge da ruwa a tsakani. Abin da ba a so shi ne kai ka bi su. A La Jolla, cikin San Diego, sai da masu ɗaukar hoton kansu da dabbobin suka kai hukuma bango, har a 2023 aka rufe Point La Jolla ga masu ziyara duk tsawon shekara. Kowace ƙasa kuma da tata ƙa'ida: a Galafagos mita biyu ce mafi ƙarancin tazara, a Seal Bay na tsibirin Kangaroo a Ostareliya kuwa sai da ɗan rakiya ake sauka bakin ruwan.

Suna cizo?

Ƙwarai. Haƙoransu irin na manyan masu cin nama ne, bakinsu kuma cike da ƙwayoyin cuta, don haka ko ƙaramin rauni ne sai an je asibiti. Kada jan jikinsu ya ruɗe ku. A ɗan gajeren zango kan duwatsu masu santsi sun fi mutum sauri. A Mayun 2017, a Steveston da ke yammacin Kanada, wani zakin teku ya yi tsalle ya cafki rigar wata yarinya da ke zaune a bakin dandamali ya ja ta cikin ruwa, bayan an yi ta jefa masa abinci. Allah ya kiyaye, wani ya faɗa ya fito da ita. Abin lura biyu ne: kada yaro ya zauna a bakin dandamali ya ba ruwa baya, kuma kada a tsaya tsakanin dabbar da teku, don nan ce hanyar gudunta.

Ko ɗan kifi ba za mu jefa musu ba?

A'a. Doka ta hana, kuma wanda ya saba karɓa a hannun mutum shi ne mai bin jiragen masunta, shi ne kuma mai cizon yaron wani gobe.

Mun ga jariri shi kaɗai yana kuka. Mu taimaka masa?

Taimakon shi ne ku bar wurin. Uwa takan zauna da jaririnta kamar mako guda bayan haihuwa, daga nan sai ta riƙa tafiya farauta kwana biyu ko uku ta dawo ta shayar. Idan ta dawo kira take yi, ya amsa, ta gane shi da murya da sansana a cikin ɗaruruwa. In ta hango mutane sun kewaye shi, tana iya ƙin fitowa. Kada a zuba masa ruwa, kada a lulluɓe shi, kada a tura shi teku.

Wanda ya kamata a kai rahotonsa shi ne mai igiya ko ragar kamun kifi a wuya, ko wanda ya rame har ƙasusuwa suka fito, ko mai kaɗa kai hagu da dama yana kumfa yana farfaɗiya. Wannan na ƙarshe alama ce ta wata guba da wani nau'in gansakukan teku ke fitarwa. Ƙananan kifaye su ci, zakin teku ya ci kifayen, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. A 1998 aka fara tabbatar da ita a jikinsu a Kalifoniya. Irin wannan dabbar ba ta cikin hayyacinta, ta fi kowacce haɗari. Lambar masu ceto tana rubuce a allunan bakin teku, ko a gaya wa ma'aikacin gandu. A arewaci da tsakiyar Kalifoniya, cibiyar Marine Mammal Center da ke Sausalito, wadda aka kafa a 1975, ita ke yawan ɗaukar irin waɗannan. A nan kyamara na da amfani: hoto daga nesa da bayanin daidai wurin suna sauƙaƙa musu aiki.

Na ga wani yana yawo a kan ruwa, filafili ɗaya a sama, ba ya motsi. Ya mutu ne?

Hutawa yake. Suna ɗaga filafili sama don daidaita zafin jiki, wani lokaci su taru da yawa su yi ta lilo a kan ruwa kamar tabarma. 'Yarmu ta tsakiya ta rantse kifin shak ta gani.

Sai da babbar kyamara? Waya ba za ta yi ba?

A tashar jiragen ruwa waya ta isa. A kan duwatsu kuwa, daga tazarar da ta dace, waya ɗigo-ɗigo za ta ba ka, kuma zuƙowar da ake yi da yatsu ɓata hoto kawai take. Idan kana da kyamara mai canja gilashi, nemi gilashi mai zuƙo nesa na milimita 300 zuwa 400. Ba dole sai ka saya ba, ana bayar da haya. Sandar kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku sauƙin sha'ani idan kana riƙe da hannun yaro.

Akwai kuma dabarar talaka: ɗora idon wayar a bakin madubin hangen nesa. Sai an yi haƙuri kafin su daidaita, gefen hoton kuma yakan yi baƙin zobe, amma yana yi. Hoton da ke rataye a falonmu yau da haka babbar 'yarmu ta ɗauke shi, ta jingina madubin a kan shinge: maza biyu sun haɗa ƙirji, baki buɗe, na uku yana barci a tsakaninsu ko a jikinsa.

Me ya sa hotunana ke fitowa baƙi ƙirin, ko a dishe?

Matsala biyu ce daban. Ta farko haske. Jiƙaƙƙen zakin teku kusan baƙi ne, ga shi a tsakiyar farin kumfa da ruwa mai ƙyalli. Kyamara sai ta auna farin ta rage haske, dabbar ta koma inuwa. Ƙara mata haske da kanka, kamar kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki guda, ka duba kada kumfan ya ƙone ya rasa zane. A waya, taɓa jikin dabbar a fuskar wayar, sannan ka ɗan ja alamar rana sama. Ko kuma ka nemi wanda ya bushe, don busasshen gashi ruwan ƙasa ne mai haske, ya fi ba da hoto.

Ta biyu motsi. Gilashi mai zuƙo nesa yana zuƙo rawar hannunka ma. Ga mai barci, saurin ƙyaftawar kyamara na 1/500 na daƙiƙa ya isa. Ga masu faɗa, ko mai tsalle daga ruwa, kada ka sauka ƙasa da 1/1000. Buɗin gilashi tsakanin f/5.6 da f/8. Idan hazo ya sauko, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Gara hoto mai ɗan tsakuwa da wanda ya dishe. Saita kan ido, ko kan gashin baki idan idon a rufe yake. Filasha kuma a kashe ta, daga wannan nisa ba abin da za ta haska sai hazo.

Safe ko yamma?

Wannan gaɓa yamma take fuskanta. Da safe rana tana bayanka, tana haska dabbar sosai, sai dai a wuraren da tsauni ya tsaya a baya sai ka jira ta hau tukuna. Da yamma rana tana gabanka, dabbar ta zama inuwa. Ba laifi ba ne in abin da kake so ke nan: baƙar sura, hanci a sama, teku ja a baya. Tsakar rana ita ce mafi muni. Hazo kuwa, da mutane ke tsinewa, ni abokina ne, don yana kashe ƙyallin jiƙaƙƙiyar fata ya fito da kowane gashi.

Duk kwance suke. Me zan ɗauka?

Zauna. Wannan ce amsar, kuma ita ce mafi wuya. Zaɓi dabba ɗaya ko gungu ɗaya ka ba su minti ashirin. Garken da ka ɗauka barci yake, ashe rigima ce ba ta ƙarewa. Wani zai fito daga ruwa jiƙe, ya ga babu wuri, ya bi ta kan bayan kowa yana takawa, kowa ya ɗaga kai yana zaginsa, ya sami ɗan tsagi ya cusa jiki, minti biyu a yi shiru. Sai wani ya yi hamma ka ga haƙora. Wani ya sosa kunne da farcen filafilin baya kamar kare. Wani ya miƙe zaune, ya karya wuya baya, hanci ya kalli sama, ido rufe, kai ka ce wani basarake ne ake yi wa kirari. Bayan ɗan lokaci za ka fara gane abin da ke tafe kafin ya faru, a nan ne za ka danna ɗauka a jere.

Kada kuma ka cika zuƙowa har ka manta da wurin. Ja baya ka haɗa dutse, taguwar ruwa da tsuntsaye. Ka kuma juya kyamara ga naka garken: yaro a kan shinge ya toshe hanci, ido waje. Bayan shekara goma wannan za a fi nema.

Zan iya tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi in ɗauko su daga sama?

Kada ka fara. An hana shi a gandayen ƙasa na Amurka tun 2014, haka a mafakar namun daji da ta ƙunshi duwatsu da tsibiran gaɓar Oregon. Ko inda ba a hana tashinsa ba, in ya firgita garke ka faɗa hannun dokar 1972.

Yaya zan kare kyamara daga gishiri da yashi?

Iskar bakin teku gishiri take ɗauke da shi ko ba ka ga feshi ba. Kada ka canja gilashi a fili, shiga mota. Da yamma hure yashi tukuna kafin ka goge, in ba haka ba kai da kanka za ka karce gilashin. Goge jikin kyamarar da ƙyalle mai ɗan laima na ruwan sha. Kada ta kwana a buɗe cikin tanti, sa ta a jaka. Batir kuma sanyi na cinye shi da wuri, ga shi ba kowane wurin tanti ke da wuta ba, don haka a tafi da na ƙari.

Yara za su jure zaman jira?

Ba za su jure naka ba. Nasu minti goma sha biyar ne zuwa ashirin, sai an ba su aiki. Mukan ba kowa nasa: wannan ya ƙirga masu tudu a goshi, wannan ya nemo wanda ya fi kowa girma, wannan ya riƙe madubi. Wasu dabbobin suna da lamba a jiki ko alama a filafili da masu bincike suka sa musu, nemo su ya zama gasa a wurinmu. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne rabon lokaci. Nakan fita da asuba ni kaɗai in yi zaman da nake so, in dawo a karya kumallo, sannan mu koma gaba ɗaya na bar babbar kyamara a mota. Ranar da na haɗa biyun, autanmu ya ja min riga ya ce, “Baba, mu ka zo da mu ko su?”

Mene ne ya fi haɗari a wurin?

Tekun da kansa, ba dabbobin ba. Sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a kusan kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Dutsen da ka taka a bushe da ƙarfe tara yana iya zama tsibiri da sha ɗaya. Nemi jadawalin cikowar ruwa na wurin kafin ka fita, ka adana shi a waya, don layi yakan ɗauke a bakin teku.

Sai kuma wata muguwar taguwa da ake yawan gargaɗi a kanta a Oregon da arewacin Kalifoniya. Ruwa zai yi ta zuwa daidai wa daida na minti goma ko fiye, kwatsam sai guda ta taso ta wuce inda sauran ke tsayawa da nisa. Mai kyamara ya fi kowa shiga tarkonta, don idonsa na cikin gilashi. Ta taɓa kwashe mana takalma da jakar abinci da muka ajiye a kan busasshen yashi, mu kuma muka tsira da jiƙaƙƙen wando. Ruwan nan ko da bazara bai cika wuce digiri 15 ba, mintuna kaɗan ya isa ya kashe wa mutum jiki. In ɗaya na ɗaukar hoto, ɗaya ya sa ido a kan teku da yara. Kututturan itace da ruwa ya kawo gaɓa kuma ba wurin wasa ba ne, ruwa kaɗan ke ɗaga su su mirgina kan mutum.

Za mu iya zuwa da kare?

Sansanoni da yawa suna yarda in yana ɗaure, amma Point Lobos ba a shiga da shi sam. Kusa da zakunan teku kuwa kada a kai shi. Ban da faɗa, akwai cutar leftosfirosis da ke yawo a cikinsu lokaci-lokaci, tana bin fitsari, tana kama koda, kare na ɗauka, mutum ma na ɗauka. Gawar dabba a yashi ma haka, a janye yara da kare daga wurin.

Idan muka je ba mu ga ko ɗaya ba fa?

Yana faruwa. Kifi suke bi, irin su sadin da ancobi, inda abinci ya koma nan suke komawa, ba ruwansu da rajistar da ka yi wata shida baya. Kashe mota, sauke gilashi, ka saurara. Sau da yawa kunne ke riga ido. Tambayi ma'aikacin gandu ko masunta inda aka gan su jiya. In duk bai yi ba, nufi tashar jiragen kamun kifi mafi kusa ka leƙa ƙarƙashin gada da kan tulunan ƙarfe masu yawo da ke nuna wa jirage hanya. A tafiyarmu ta Yuli sai rana ta uku muka ga na farko, shi kaɗai a kan wani jan tulu a bakin mashigar tashar, ruwa na kaɗa shi, ƙararrawar tulun na bugawa a saman kansa, shi kuwa barcinsa yake sha.